Na yi User Mapping a pgAdmin amma ma'aikata suna samun "user mapping not found"

Abba_Kawo ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka san PostgreSQL, manhajar rumbun bayanai.

Akwai saba guda biyu. Ta babban ofis tana nan Kaduna da PostgreSQL 15, ta reshe kuma tana Zariya da PostgreSQL 14, VPN ne ya haɗa su. Buƙatar ita ce ma'aikatan akanta su riƙa ganin teburin ciniki na Zariya daga rumbun bayanan Kaduna, ba sai an turo musu fayil kowace yamma ba.

A pgAdmin 4, manhajar kula da PostgreSQL ta taga, na saka postgres_fdw, ƙarin da ke ba saba damar karanta teburin wata saba, na ƙirƙiri Foreign Server mai suna zariya, na yi User Mapping guda biyu: ɗaya na postgres, asusun shugaba (superuser), ɗaya na asusun rukuni mai suna akanta, wanda duk ma'aikatan sashen suke ƙarƙashinsa. Na shigo da teburin, na ba akanta izinin SELECT. In na shiga da postgres komai na tafiya daidai. Amma in ma'aikaciya ta shiga da asusunta sai ta samu:

ERROR: user mapping not found for "aisha"

Da na ga haka sai na yi wani na PUBLIC, wato na kowa da kowa, ba tare da kalmar sirri ba, na sa trust (shiga ba tambayar kalmar sirri) a pg_hba.conf, fayil ɗin ƙa'idojin shiga na Zariya, tunda ta cikin VPN ake bi. Yanzu kuskuren ya koma "password is required". Me na tsallake? Ma'aikatan sun kai ashirin, kuma ana yawan canza su, don haka ba na son in riƙa yi wa kowa nasa in akwai wata hanya.

Injiniya Hauwa ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam Abba. Kafin komai, ka cire trust ɗin nan yau ɗin nan, zan zo kan dalilin.

Kuskuren farko ba daga pgAdmin yake ba, haka PostgreSQL take aiki. User Mapping wakilci ne: yana cewa in wane na nan gida ya taɓa teburin waje, da wane suna da wace kalmar sirri za a shiga can a madadinsa. Lokacin da aka zo neman wakilcin, wurare biyu kawai ake dubawa. Ana duba ko akwai wanda aka rubuta da ainihin sunan asusun da ke aiki a lokacin. In babu, a duba ko akwai na PUBLIC. In shi ma babu, sai kuskure. Ba a hawa sama a duba rukunin da mutum yake ciki. Izinin SELECT da ka ba akanta yana gangarowa ga aisha ta hanyar gado, amma wakilci ba a gadonsa. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin kusan komai na izini a PostgreSQL yana bin rukuni, wannan kuwa ya fita daban.

Za ka iya tabbatarwa da kanka. Ka shiga da asusun aisha, ka buga SET ROLE akanta. Sannan ka sake karanta teburin. In kalmar sirrin da ke cikin wakilcin akanta daidai take, zai buɗe nan take, saboda yanzu asusun da ke aiki akanta ne.

Hanyoyin fita suna da yawa amma ba darajarsu ɗaya ba. Yi wa kowa nasa ya dace ne kawai in kana son Zariya ta bambance wa ya karanta me, wato kowane ma'aikaci yana da asusu a can ma. Ga mutum ashirin da ake canzawa, wahala ce. Akwai kuma ALTER ROLE aisha SET role = 'akanta'; wanda ke sa ta zama akanta da zarar ta shiga. Yana aiki, sai dai duk abin da ta ƙirƙira zai zama na akanta, kuma duk wani tsarin bin sawu da ke rubuta current_user zai daina ganin sunanta, sai an koma session_user.

Wadda nake ba ka shawara ita ce ta VIEW, wato tambayar da aka ajiye da suna ake karanta ta kamar tebur. In an karanta teburin waje ta cikin VIEW, wakilcin mai VIEW ɗin ake amfani da shi, ba na mai karantawa ba. Don haka asusu ɗaya tak ke buƙatar wakilci (a misalin nan waje.ciniki shi ne teburin da ka shigo da shi):

CREATE ROLE mai_rahoto NOLOGIN;
CREATE USER MAPPING FOR mai_rahoto SERVER zariya OPTIONS (user 'mai_karatu', password 'kalmar_can');
GRANT USAGE ON SCHEMA waje TO mai_rahoto;
GRANT SELECT ON waje.ciniki TO mai_rahoto;
CREATE VIEW rahoto.ciniki_zariya AS SELECT rana, lamba, kaya, adadi, kudi FROM waje.ciniki;
ALTER VIEW rahoto.ciniki_zariya OWNER TO mai_rahoto;
GRANT USAGE ON SCHEMA rahoto TO akanta;
GRANT SELECT ON rahoto.ciniki_zariya TO akanta;

Sai ka janye izinin akanta daga kan waje.ciniki, ka share wakilcin akanta da na PUBLIC. Sabon ma'aikaci ya zo, ka sa shi cikin akanta, shike nan. Kada ka manta layin OWNER TO. In ka ƙirƙiri VIEW ɗin a matsayin postgres ka bar shi a haka, ma'aikata za su riƙa shiga Zariya da wakilcin postgres ba tare da sun sani ba.

In ta taga kake son yi, ka buɗe rumbun Kaduna, ka gangara Foreign Data Wrappers, postgres_fdw, Foreign Servers, zariya, sai User Mappings. Danna dama, Create. A shafin General ka zaɓi mai_rahoto a User. Ka kula da CURRENT_USER da ke cikin jerin: yana nufin asusun da pgAdmin ya shiga da shi, wanda galibi postgres ne, ba wanda kake tunani a ranka ba. A shafin Options ka danna alamar ƙari sau biyu, ɗaya user ɗaya password, da ƙananan haruffa. host da port da dbname ba nan ne gurbinsu ba, na Foreign Server ne, in ka sa su a nan za ka samu "invalid option". Kafin Save ka leƙa shafin SQL ka karanta umarnin da za a aika.

Yanzu kuskure na biyu. postgres_fdw ba ya yarda asusun da ba superuser ba ya haɗu da wata saba sai da kalmar sirri, kuma sau biyu yake bincike. Kafin haɗi yana duba ko akwai password cikin wakilcin. Bayan haɗi yana duba ko sabar can ta nemi kalmar da gaske. Ka karanta layin DETAIL da ke ƙasan kuskuren. In ya ce "Non-superusers must provide a password in the user mapping", binciken farko ne. In ya ce "Non-superuser cannot connect if the server does not request a password", na biyu ne, wato trust ɗinka ne matsalar, ko da ka cika kalmar sirri daidai. Hikimar ita ce haɗin yana fita ne da fuskar sabar Kaduna kanta, da adireshinta da fayilolinta. Ba don wannan shingen ba, ƙaramin ma'aikaci zai iya rubuta user 'postgres' a wakilcinsa ya shige Zariya a matsayin shugaba, tunda trust ba ya tambayar kowa komai. Daga siga ta 16 kalmomin kuskuren sun koma "password or GSSAPI delegated credentials required", amma ma'anar ɗaya ce.

Tun siga ta 13 akwai password_required 'false' da superuser kaɗai zai iya sa wa a wakilci. Za ka ga ana ba da shi a matsayin magani. An yi shi ne don masu shiga da takardar shaidar SSL da makamantansu, ba don a lulluɓe trust ba, kuma haɗa shi da PUBLIC shi ne mafi munin abin da za ka iya yi a nan.

Malam Garba T/Wada ya rubuta:

Abin da Injiniya ta faɗa daidai ne, ni ɓangaren Zariya zan ƙara, domin rabin matsalolin wannan aiki a can suke.

Abba, ka riƙe wannan: ba kwamfutarka ce ke kiran Zariya ba, sabar Kaduna ce. Jerin Servers da ke gefen hagu na pgAdmin littafin adireshi ne na pgAdmin kawai, ba shi da alaƙa da Foreign Server. Don ka iya buɗe Zariya daga laftof ɗinka, ko ta SSH Tunnel na pgAdmin, ba ya nuna cewa sabar Kaduna za ta iya. Gwajin gaskiya shi ne ka shiga injin sabar Kaduna ka buga:

psql "host=10.8.0.5 port=5432 dbname=reshe user=mai_karatu"

In wannan bai shiga ba, kada ka ɓata lokaci a pgAdmin. Haka nan host 'localhost' a Foreign Server yana nufin sabar Kaduna ta kira kanta, in kuma cikin Docker take, kwantenar ce ke kiran kanta.

A Zariya ka yi asusu na musamman don wannan aikin, mai ƙaramin iko:

CREATE ROLE mai_karatu LOGIN CONNECTION LIMIT 30;
GRANT CONNECT ON DATABASE reshe TO mai_karatu;
GRANT USAGE ON SCHEMA public TO mai_karatu;
GRANT SELECT ON public.ciniki TO mai_karatu;
ALTER ROLE mai_karatu SET statement_timeout = '120s';

Kalmar sirrin ka sa ta da \password mai_karatu a psql, domin shi yana murɗe ta kafin ta bar injinka. Sai layi ɗaya a pg_hba.conf, da adireshin sabar Kaduna kaɗai:

host reshe mai_karatu 10.8.0.1/32 scram-sha-256

Daga sama zuwa ƙasa ake karanta fayil ɗin, layin farko da ya dace shi ake ɗauka a tsaya. In tsohon layin trust yana sama da wannan, shi zai ci, kuskuren kuma ya dawo. Bayan gyara SELECT pg_reload_conf(), ya isa. listen_addresses ne ke buƙatar a kashe saba a kunna, amma tunda postgres yana shiga tuni, naka a buɗe yake. Wani abu: in an ɗaga Zariya ne daga tsohuwar siga kuma postgresql.conf yana ɗauke da password_encryption = md5, kalmar za ta ajiye a tsarin md5, layin scram-sha-256 kuma zai ƙi ta da "password authentication failed" ko da daidai ka buga. Ka gyara saitin, ka sake sa kalmar.

Sannan ka duba wakilcin postgres da ka yi tun farko. In sunan da ke ciki postgres ne na Zariya, ka mayar da shi mai_karatu. Ana buƙatar wakilcin ne saboda IMPORT FOREIGN SCHEMA yana amfani da na wanda ya buga umarnin, ko superuser ne bai tsira ba, amma ba ya buƙatar ikon shugaba a can. Ajiye kalmar sirrin shugaban Zariya a cikin Kaduna yana nufin duk wanda ya samu ɗaya ya samu biyu.

Akwai updatable 'false' da ake sa wa Foreign Server. Ka sa, yana da kyau, yana hana INSERT da UPDATE da DELETE tun daga gida. Amma tsaron gaske shi ne GRANT ɗin can, domin mai sabar zai iya sauya wancan zaɓin a kowane lokaci.

Inda na ɗan saɓa da Injiniya shi ne PUBLIC. Ba haramun ba ne a kowane hali. In asusun can karatu kawai yake yi, kalmar sirri tana ciki, kuma ba ka ba kowa USAGE a kan Foreign Server ba, to izinin teburin wajen ne ke tsare ƙofa, kuma yana tsarewa. Haɗarin yana zuwa ranar da aka ba wani USAGE: zai iya ƙirƙirar nasa teburin waje ya nuna duk abin da mai_karatu ke iya gani. A wurin da hannu ɗaya ke kula da rumbun, PUBLIC yana wadatarwa. Amma na yarda VIEW ya fi tsafta, musamman in akwai ginshiƙai irin su kuɗin saye da ba kowa ya kamata ya gani ba.

Abba_Kawo ya rubuta:

Allah ya saka da alheri, Injiniya da Malam Garba. Na cire trust, na bi hanyar VIEW, ma'aikata suna gani yanzu. Layin trust ɗin kuwa a sama yake kamar yadda Malam ya ce.

Saura abu uku. Na lura kalmar sirrin tana fitowa ɓaro-ɓaro a shafin SQL na wakilcin, shin ma'aikata ma za su iya ganinta? Na biyu, na so canza ta da ALTER USER MAPPING FOR mai_rahoto SERVER zariya OPTIONS (password 'sabuwa'). Sai aka ce "option "password" provided more than once". Na uku, rahoton mako ɗaya yana ɗaukar kusan minti guda, alhali a can Zariya nan take yake fitowa.

Nasiru_Kakuri ya rubuta:

Yaya Abba, bari in ɗauki biyun farko.

Kalmar sirrin wakilci a fili ake ajiye ta cikin pg_user_mapping, ba a murɗe ba. Dole ce ta sa, domin sabar Kaduna tana buƙatar ainihin kalmar don ta amsa tambayar Zariya. Talakan asusu ba ya iya karanta wannan teburin, sai ta pg_user_mappings, mai s a ƙarshe, kuma a nan ana ɓoye zaɓuɓɓukan sai ga mutum uku: superuser, wanda wakilcin nasa ne in har shi ne mai sabar ko yana da USAGE a kanta, da mai sabar in wakilcin na PUBLIC ne. Kai kana gani ne saboda da postgres ka shiga. Ka gwada da asusun aisha:

SELECT srvname, usename, umoptions FROM pg_user_mappings;

umoptions zai fito fanko. A psql kuma \deu+ ne ke nuna wannan jerin.

Inda take zubewa ba nan ba ne, wuraren da ba a tunani ne. pg_dump, wato kwafin ajiyar rumbu, da superuser ya yi yana ɗauke da CREATE USER MAPPING da kalmar a ciki, don haka fayil ɗin ajiyar Kaduna da ke yawo a filashi ko aka tura ta WhatsApp yana ɗauke da mabuɗin Zariya. In ka zuba wannan fayil a injin gwaji da ke cikin VPN, teburorin wajensa za su ci gaba da kiran Zariya ta gaske, don haka abu na farko bayan zubawa shi ne sauya host ko share wakilcin. Akasin haka ma yana cizo: in ƙaramin asusu ne ya yi pg_dump, wakilcin zai fito ba zaɓuɓɓuka, ranar da ka dawo da shi sai ka ga "password is required" ka rasa daga ina. Tarihin Query Tool na pgAdmin shi ma yana ajiye abin da ka buga.

Kuskurenka na biyu kuwa, in ba ka faɗi aikin da kake so ba, ADD ake ɗauka, zaɓin kuma yana nan tuni. Daidai shi ne:

ALTER USER MAPPING FOR mai_rahoto SERVER zariya OPTIONS (SET password 'sabuwa');

Amma kada ka yi amfani da kalmar da ka gwada ɗazu. A saitin asali, duk umarnin da ya faɗi da ERROR ana rubuta shi cikakke a log na saba, saboda log_min_error_statement. Wato wancan ALTER da ya ƙi ya riga ya ajiye sabuwar kalmarka a fayil. Ka zaɓi wata. In kuma log_statement yana kan ddl ko all, har wanda ya yi nasara ana rubutawa, sai ka buga SET log_statement = 'none'; a zamanka kafin umarnin.

Wajen canzawa, ka fara da Zariya sannan ka bi da Kaduna nan da nan. Haɗin da ke buɗe ba ya yankewa don an canza kalmar asusu a can, sabbin haɗi ne kawai za su faɗi a 'yan daƙiƙun da ke tsakani. Da ka yi ALTER a Kaduna, zaman da ke buɗe suna lura su sake haɗi da sabuwar, ba sai ma'aikata sun fita sun dawo ba.

PostgreSQL 18 da ta fito a 2025 ta kawo use_scram_passthrough, inda ba a ajiye kalmar a wakilci kwata-kwata. Sharaɗinsa sirrin SCRAM na asusun ya zama iri ɗaya sak a sabobin biyu, kuma mutum ya shigo gida ta SCRAM. A siga ta 15 babu shi, kuma abin da ka gina yanzu ya wadatar. Ka dai ba mai_rahoto USAGE a kan zariya don komai ya tafi daidai.

Injiniya Hauwa ta rubuta:

Nasiru, bayaninka ya yi kyau, amma layin ƙarshe a gyara. Karanta teburin waje da aka riga aka ƙirƙira ba ya buƙatar USAGE a kan Foreign Server. USAGE na ƙirƙirar sabbin teburorin waje ne da kuma mutum ya yi wa kansa wakilci. Rashinsa ma alheri ne, bisa ƙa'idar da kai da kanka ka kawo: in mai_rahoto ba shi da USAGE, ko wani ya samu damar SET ROLE zuwa gare shi ba zai ga kalmar ba. A bar shi haka. Dblink, wata hanyar haɗa sabobi, shi ne ke neman USAGE kafin haɗi, wataƙila daga can ka ɗauko.

Malam Abba, wani abu da ya shafi sigarka: 15 ce ta kawo security_invoker a VIEW. In wani ya kunna shi a kan ciniki_zariya, za a koma duba izini da wakilcin mai karantawa, kuskurenka na farko kuma ya dawo.

Jinkirin kuma, fara da wannan:

EXPLAIN (VERBOSE) SELECT * FROM rahoto.ciniki_zariya WHERE rana >= current_date - 7;

Ka nemi layin Remote SQL. Shi ne ainihin abin da ake aikawa Zariya. Ina kyautata zaton ba za ka ga WHERE a ciki ba. postgres_fdw yana tura sharaɗi can ne kawai in sakamakonsa ba ya canzawa da lokaci ko saitin zama, now() da current_date kuwa suna canzawa. Don haka sai ya jawo teburin gaba ɗaya ta VPN ya tace a Kaduna. In manhajar rahoton ta lissafa ranar ta aiko da ita a rubuce, kamar rana >= DATE '2025-03-01', sharaɗin zai tafi can, indes ɗin Zariya ya yi aikinsa. Ka kula nau'in ya dace: in ginshiƙin timestamptz ne ka kwatanta shi da date, shi ma ba zai tafi ba, domin kwatancen ya dogara da yankin lokaci.

Na biyu fetch_size, wanda asalinsa 100 ne. Layuka ɗari-ɗari ake ɗebowa, kowace ɗiba sai an je an dawo. A misali, layuka 50,000 zuwa da dawowa 500 ke nan. In kowace tafiya tana cin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a layin waya, daƙiƙa 50 sun tafi a jira kawai, ba a aikin komai ba. Ka ɗaga shi:

ALTER SERVER zariya OPTIONS (ADD fetch_size '5000', ADD connect_timeout '10', ADD keepalives_idle '60');

Tafiya 500 ta koma 10. connect_timeout kuma don ranar da aka ɗauke wuta a reshe ne, tambayar ta faɗi cikin daƙiƙa goma maimakon allon ma'aikaci ya daskare yana jira. Sannan ka buga ANALYZE waje.ciniki, da hannunka lokaci-lokaci, domin autovacuum ba ya taɓa teburorin waje, mai tsara tambaya kuma in ba shi da ƙididdiga hasashe kawai yake yi.

In rahoton ba sai na wannan minti ba, MATERIALIZED VIEW, wanda ke ajiye kwafin sakamakon a Kaduna, ya fi dacewa da layin da ke yankewa. Ka mallaka wa mai_rahoto shi, domin REFRESH yana gudana ne da ikon mai shi da wakilcinsa, ko wane ne ya buga umarnin. In layi ya yanke a tsakiya, sabuntawar ta faɗi amma bayanan baya suna nan, akanta suna aiki da na safe har layi ya dawo. In kana son su ci gaba da karantawa yayin sabuntawa, sai REFRESH MATERIALIZED VIEW CONCURRENTLY, wanda ke buƙatar UNIQUE INDEX a kansa.

Malam Garba T/Wada ya rubuta:

Ƙari kaɗan kan adadin haɗi, tunda ni na ce CONNECTION LIMIT 30. Wakilci ɗaya ba ya nufin haɗi ɗaya. Kowane zama a Kaduna da ya taɓa teburin yana buɗe nasa haɗin zuwa Zariya ya riƙe shi har zaman ya ƙare, kuma kowane shafin Query Tool a pgAdmin zama ne mai zaman kansa. Ma'aikata ashirin, wasu da shafi biyu, ka kusa talatin ke nan, max_connections na asali kuma 100 ne da masu sayarwa a reshen ma suke ci daga ciki. Ka duba a Zariya:

SELECT count(*) FROM pg_stat_activity WHERE usename = 'mai_karatu';

In yana cika, ka sa keep_connections 'off' a Foreign Server, akwai shi tun siga ta 14, a riƙa rufewa a ƙarshen kowace hulɗa. Farashinsa sabon haɗi a kowace tambaya, wanda a layi mai jinkiri za a ji shi. Da MATERIALIZED VIEW wannan damuwar ba ta tasowa, haɗi ɗaya ne a lokacin sabuntawa.

Wajen share tsofaffin wakilcin, ka yi DROP USER MAPPING FOR akanta SERVER zariya. Sannan ka yi haka da na PUBLIC, ɗaya bayan ɗaya. Kada ka zaɓi Drop Cascade a kan Foreign Server da nufin sake ginawa: zai tafi da duk wakilci, da teburorin waje, da VIEW ɗin da ke kansu, da izinin da ka rarraba. Adireshin Zariya in ya canza, ALTER SERVER zariya OPTIONS (SET host 'sabon_adireshi'), ya isa. In kuma akwai ma'aikacin da ka taɓa yi wa nasa wakilcin lokacin gwaji, DROP ROLE zai ƙi share shi har sai an cire wakilcin. REASSIGN OWNED ba ya ɗauke shi, sai DROP USER MAPPING ko DROP OWNED BY a cikin rumbun da aka yi shi.

Abba_Kawo ya rubuta:

Na duba Remote SQL, babu WHERE kamar yadda Injiniya ta zata. Da na sa ranar a rubuce na ɗaga fetch_size, rahoton ya dawo ƙasa da daƙiƙa uku. Na sami kalmar a log ɗin kuwa, na canza ta a ɓangarorin biyu. Gobe in Allah ya kai mu zan gwada MATERIALIZED VIEW ɗin a kan rahoton wata. Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi.